Tarihin Marigayi Abdulhalim Hafiz, Mawaƙin Ƙasar Masar (1929 – 1977)

A ƙasashen Larabawa, tun daga Maroko har zuwa Iraƙi, da wuya a sami gidan da ba a taɓa jin muryar Abdulhalim Hafiz a cikinsa ba. Shi ne mawaƙin da mutanen Masar suka yi wa laƙabi da Al-Andalib Al-Asmar, wato tsuntsu mai zaƙin murya, wankan tarwaɗa. Shekara 47 kacal ya yi a duniya, amma a cikinsu ya rera waƙoƙi sama da 200, ya fito a finafinai 16, ya kuma zama bakin da gwamnatin Shugaba Jamal Abdul Nasir ke isar da saƙonta ga talakawa ta hanyarsa. Mun ga ya dace mu kawo wa jama'a tarihinsa a wannan fili ne saboda ɗan ƙauye ne, maraya, kuma abin da ya zama ajalinsa ba baƙo ba ne a karkararmu. Cutar tsargiya ce, wadda ya ɗauka tun yana yaro a ruwan da ake ba gonaki, ta bi shi har gadon asibiti a birnin Landan.

Haihuwa da maraici

An haifi Abdulhalim Ali Shabana ranar 21 ga watan Yuni, 1929, a ƙauyen Halawat da ke lardin Sharkiyya, a yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa tekun Bahar Rum. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu, wato Isma'il da Muhammad da Aliyya, sannan shi. Kwanaki kaɗan da haihuwarsa Allah Ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa, kafin ya yi wayo kuma mahaifinsa ya bi ta. Riƙonsa da na 'yan'uwansa ya koma hannun kawunsu, Alhaji Mutawalli Amasha, daga baya kuma yaron ya yi wasu shekaru a gidan marayu a Zagazik, babban birnin lardin. A makarantar firamare aka fara lura da muryarsa, har aka ɗora shi a kan shugabancin yaran da ke rera waƙoƙin makaranta.

Kamar sauran ƙauyukan wannan yanki, rayuwar Halawat ta dogara ne da magudanar ruwa da aka haƙa daga kogin Nilu. Tun a ƙarni na 19 hukumomin Masar suka gina shingayen tare ruwa a wannan yanki domin a riƙa noman auduga rani da damina, don haka ruwa ba ya yankewa a magudanan. A nan ake wanki, a nan ake shayar da dabbobi, a nan kuma yara ke ninƙaya idan rana ta yi zafi. Abdulhalim bai yi wani abu da sa'o'insa ba su yi ba.

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan mu bayyana yadda wannan cuta take, domin wanda bai fahimce ta ba, ba zai fahimci sauran tarihin ba. Tsargiya tsutsa ce ƙarama da ke zaune a cikin jijiyoyin jinin mutum. Idan mai ɗauke da ita ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakin ruwa, ƙwayayenta kan ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwan daɗi, su hayayyafa a cikinta, sannan su fito dubbai suna yawo a ruwan. Ba sai mutum ya sha ba: ta fata suke huda jiki su shiga, cikin 'yan mintoci. Iri biyu ne suka fi addabar Masar, kuma su ne suka fi yawa a sauran Afirka. Ɗaya kan zauna a jijiyoyin mafitsara, shi ne mai sa fitsarin jini, wanda kowa ya sani. Ɗayan kuwa a jijiyoyin hanji yake zama, kuma shi ne mugun, domin ba ya nuna kansa da wuri. Jini kan kwashi ƙwayayensa ya kai su hanta, su maƙale, hantar ta yi ta yin tabo a hankali, shekara da shekaru, har hanyar jini ta ƙuntace. Daga nan saifa ta kumbura, jinin kuma ya nemi wata hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke bututun abinci da bakin tumbi. Waɗannan jijiyoyi ba a halicce su don ɗaukar wannan nauyi ba, ranar da ɗaya ta fashe sai mutum ya kama aman jini.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai a Masar. A 1910 wani likita mai suna Marc Armand Ruffer ya gano ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin zamanin Fir'auna, waɗanda suka kai shekara 3,000. A asibitin Kasrul Aini na Alƙahira ne kuma likitan nan Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara ganin tsutsar a 1851, shi ya sa har yau Larabawa ke kiran ciwon da sunansa. Saboda yawanta, manoman Masar a da sun ɗauki fitsarin jini a jikin yaro a matsayin alamar balaga, ba ciwo ba. Mai karatu ya san ba a Masar kaɗai aka yi wannan fahimta ba.

Daga busa zuwa waƙa

Yayansa Isma'il, wanda shi ma mawaƙi ne, shi ya buɗe masa hanyar Alƙahira. A 1943 Abdulhalim ya shiga Cibiyar Koyar da Kiɗan Larabawa, inda ya haɗu da Kamal Ɗawil, wanda daga baya ya tsara masa kiɗan waƙoƙi da dama. A 1948 ya kammala karatu a babbar makarantar kiɗa, amma ba a fannin rera waƙa ba, a fannin busa wata irin algaita ta Turawa da ake kira obo. Ya yi wasu shekaru yana koyar da kiɗa a makarantun gwamnati a Ɗanɗa da Zagazik da Alƙahira, aikin da bai taɓa kwanta masa a rai ba, kafin ya ajiye alli ya shiga rukunin makaɗan gidan rediyo a matsayin mabushi.

A gidan rediyon ne wani babban jami'i mai suna Hafiz Abdulwahab ya saurari muryarsa, ya tsaya masa har aka amince da shi a matsayin mawaƙi a 1951. Domin nuna godiya, saurayin ya ajiye sunan Shabana ya ɗauki sunan wannan mutum, ya koma Abdulhalim Hafiz.

Farkon fitowarsa bai yi armashi ba. A 1952 ya hau dandamali a birnin Iskandariyya ya rera wata sabuwar waƙa mai suna Safini Marra, wadda abokinsa Muhammad Al-Muji ya yi wa kiɗa, amma 'yan kallo suka ƙi ta, suka nemi ya rera musu waƙoƙin Muhammad Abdulwahab da suka saba ji. Ya ƙi, ya sauka. A wancan lokaci kunnen mutanen Masar ya saba da manyan muryoyi irin na Ummu Kulsum, wadda kan shafe sa'a guda tana juya waƙa ɗaya, tana maimaita baiti har sai masu sauraro sun miƙe tsaye. Shi kuwa ga shi siriri, waƙarsa gajera, muryarsa a kwance kamar mai yi wa mutum magana a kunne.

Ba a cika shekara ba abubuwa suka juya. Sojoji sun riga sun kifar da Sarki Faruk a watan Yulin 1952, ranar 18 ga watan Yuni, 1953 kuma aka ayyana Masar a matsayin jamhuriya. A bikin da aka yi a Alƙahira a wannan rana Abdulhalim ya sake rera waƙar nan da aka ƙi, sai ga shi an karɓe ta hannu bibbiyu. Tun daga ranar aka riƙa kallonsa a matsayin mawaƙin sabon zamani, wanda ya fito tare da jamhuriya.

A ganinmu, ba ƙarfin murya ne ya ɗaga shi ba, domin a zamaninsa akwai waɗanda suka fi shi faɗin maƙogwaro. Abin da ya fi su da shi abu biyu ne. Na farko, ya gane cewa zamanin makirfo da rediyo ya zo, mawaƙi ba ya bukatar ɗaga murya don na bayan zaure ya ji, yana iya sassautawa ya bar na'ura ta kai saƙon. Na biyu, da yake makaɗi ne mai takarda, ya san abin da yake so daga kowane mai kiɗa, kuma ya iya zaɓen abokan aiki. Ya tara matasa sa'o'insa irin su Kamal Ɗawil da Al-Muji, daga baya Baligh Hamdi, ya kuma jawo shi kansa Muhammad Abdulwahab, wanda a da aka ce ya kwaikwaya, ya riƙa tsara masa kiɗa. An san shi da tsananin maimaita gwaji da sa marubuta su sauya kalma idan ba ta zauna masa ba.

Shekarun silima

A 1955 kaɗai finafinansa huɗu suka fito. Na farko shi ne Lahnul Wafa, tare da mawaƙiya Shadiya, sai Ayyamuna Al-Hulwa, inda ya fito tare da Fatin Hamama da Umar Sharif. A 1956 ya yi Dalila, ɗaya daga cikin finafinan farko masu launi a Masar. Daga nan suka yi ta zuwa: Al-Wisada Al-Khaliya a 1957, Shari'ul Hubb a 1958 tare da Sabah ta ƙasar Lebanon, Al-Khaɗaya a 1962.

Wanda ya kalli waɗannan finafinai zai lura kusan mutum ɗaya yake fitowa a cikinsu: saurayi talaka, ko maraya, ko ɗalibi, mai ladabi, wanda ke son 'yar masu hali kuma bambancin arziki ya shiga tsakani. Ba za mu ce gwanin wasan kwaikwayo ne na ƙin ƙarawa ba, amma ba ya bukatar ƙoƙari wajen nuna maraici ko rashi, domin ya san su. Dubban matasan da suka baro ƙauye suka shigo birni neman ilimi a waɗannan shekaru sun ga kansu a jikinsa, har askinsa da irin rigar sanyin da yake sawa suka riƙa kwaikwaya.

Fim ɗinsa na ƙarshe, Abi Fauƙash Shajara na 1969, wanda aka gina a kan labarin marubuci Ihsan Abdul Ƙuddus, ya shafe kusan shekara guda ana nuna shi a silima, amma ya sha suka daga dattawa da malamai saboda abubuwan da suka ga sun wuce gona da iri a cikinsa. A ɗaya ɓangaren kuma, mutumin nan ne ya rera jerin gajerun waƙoƙin addu'a da gidan rediyon Masar ya daɗe yana sawa a watan azumi.

Bugu da ƙari, bai yarda ya zama ɗan ƙwadagon wasu ba. A farkon shekarun 1960 shi da Muhammad Abdulwahab da lauyansa Majdi Al-Amrusi suka kafa kamfanin Sautul Fann, mai buga faya-fayai da shirya finafinai, ta yadda ribar muryarsa ta riƙa dawowa hannunsa.

Muryar gwamnati

Babu yadda za a ba da tarihin Abdulhalim a tsallake Abdul Nasir. A 1956, da aka zaɓi Nasir shugaban ƙasa, ya rera waƙar Ihna Sha'ab, wadda Salah Jahin ya rubuta. Daga nan ya zama al'ada kusan duk shekara ya zo da sabuwar waƙa a bikin tunawa da juyin 23 ga Yuli, shugaban ƙasa da manyan hafsoshi na zaune a sahun gaba. Gidan rediyon Sautul Arab, wanda aka buɗe a 1953, da ƙananan rediyo masu batir da suka yawaita a hannun talakawa, su suka kai waɗannan waƙoƙi ko'ina a ƙasashen Larabawa.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Hikayat Sha'ab ta 1960, a kan babbar madatsar ruwa ta Aswan. A cikinta ya tsara labarin yadda ƙasashen Yamma suka janye alƙawarin ba da kuɗin aikin, yadda Nasir ya mai da martani da ƙwace mashigin ruwa na Suwes a watan Yulin 1956, da yaƙin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kawo wa Masar a ƙarshen shekarar. Manomin da bai iya karatu ba ya haddace tarihin siyasar ƙasarsa daga wannan waƙa. Duk jami'in da ya taɓa fama da wayar da kan jama'a a kan wani aikin gwamnati zai gane girman wannan abu.

An fara ginin madatsar a watan Janairun 1960, aka kammala a 1970. Ta kawo wutar lantarki ga ƙauyuka masu yawa, ta tsare ƙasar daga ambaliya da fari, ta ba manoman kudancin Masar damar shuka sau biyu ko uku a shekara. Amma ta tashi mutanen Nuba kimanin 100,000 daga garuruwansu a Masar da Sudan. Har ila yau, ruwan da a da yake zuwa ya janye ya koma kwanciya a magudanai duk shekara, abin da katantanwar nan ke so ke nan, kuma bayan madatsar likitoci suka ga nau'in tsargiyar da ke lalata hanta yana ƙara yaɗuwa. Shi dai Abdulhalim ya ɗauki tasa cutar tun shekaru da dama kafin a aza harsashin ginin, amma a ranar da yake waƙar, tsutsar ruwan ban-gona ta riga ta yi nisa a cikin hantarsa.

Kusanci da masu mulki yana da nasa tsada. A watan Yunin 1967, cikin kwana shida, Isra'ila ta ragargaza rundunar Masar ta mamaye yankin Sina'i, alhali a makonnin da suka gabata Abdulhalim ya kusa tarewa a gidan rediyo yana rera waƙoƙin da ke alƙawarin nasara. Daga cikin masu suka akwai waɗanda suka ce shi da abokansa sun taya gwamnati rufe wa jama'a ido. Mu dai abin da muka lura shi ne, bayan wannan kaye salon waƙarsa ya sauya. Waƙar Adda Nahar, wadda Abdurrahman Al-Abnudi ya rubuta, Baligh Hamdi ya yi wa kiɗa, babu kirari ko cika baki a cikinta, juyayi ne da rarrashi, kuma masana da yawa na ganin ta fi duk waƙoƙin kishin ƙasar da ya yi kafin ta. A wannan shekarar ya yi wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan domin tara wa ƙasarsa gudummawa. Nasir ya rasu ranar 28 ga watan Satumba, 1970, kuma a zamanin Anwar Sadat an daina jin yawancin waƙoƙin da suka ambaci sunansa a gidajen rediyon gwamnati.

Akwai wani abu da ya faru a Maroko da ya nuna halin mutumin. Ranar 10 ga watan Yuli, 1971, wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Sarki Hassan na Biyu a lokacin bikin zagayowar ranar haihuwarsa a fadar Sakhirat. Abdulhalim, wanda aka gayyato domin bikin, yana cikin gidan rediyon Rabat lokacin da sojojin suka mamaye shi. Suka bukaci ya karanta sanarwar juyin mulki, domin murya ce da kowa ya sani. Ya ƙi, bisa hujjar cewa shi baƙo ne, ba ya tsoma baki a siyasar ƙasar da ba tasa ba. Yunƙurin bai kai ko'ina ba, sarkin kuma bai manta masa wannan ba har ƙarshen rayuwarsa.

Shekara ashirin da ɗaya na jinya

A 1956, daidai lokacin da tauraronsa ke hawa, ya fara aman jini. Likitoci suka tabbatar hantarsa ta riga ta yi tabo sakamakon tsargiya. Daga wannan shekara har rasuwarsa rayuwarsa ta rabu biyu, tsakanin dandamali da gadon asibiti. An yi masa aiki ba sau ɗaya ba, ya yi ta zirga-zirga zuwa Landan da Faris, an yi ta ƙara masa jini. Mutumin da ke da kuɗin sayen duk abin da ransa ke so ya koma cin dafaffen abinci marar mai, marar yaji. Kuɗi da sanayya sun kai shi hannun manyan likitocin hanta na duniya, amma abin da za su iya kawai shi ne tsayar da jinin idan ya ɓalle, domin hantar da ta riga ta ƙandare ba ta komawa yadda take.

Abin takaici, da yawa ba su yarda yana ciwo ba. An yi ta raɗe-raɗi a jaridu da majalisu cewa dabara ce ta jawo tausayi da tallar waƙa, tun da yau a ji yana asibiti, gobe a gan shi a kan dandamali yana murmushi. Haka ciwon ciki yake: wanda bai ga jini da idonsa ba sai ya ɗauka raki ne.

Duk da haka, a waɗannan shekaru ne ya yi manyan waƙoƙinsa. Daga 1966 ya juya ga salon gargajiyar karkara da waƙar Sawwah, daga 1970 kuma ya shiga dogayen waƙoƙi irin su Zayyil Hawa da Mau'ud, waɗanda kan kai minti arba'in ko fiye, inda ya shigar da jita mai lantarki da sauran kayan kiɗan zamani cikin rukunin makaɗansa. Ya rera waƙoƙi biyu na shahararren marubucin Siriya, Nizar Ƙabbani. Ta biyun, Ƙari'atul Finjan, ita ce babbar waƙarsa ta ƙarshe. Ya gabatar da ita a Alƙahira a watan Afrilun 1976, inda wasu 'yan kallo suka dame shi da fito da hayaniya har ya dakatar da kiɗa ya nuna ɓacin ransa a gaban kowa, abin da ba a saba gani daga gare shi ba.

A farkon 1977 ya koma Landan domin duba lafiya kamar yadda ya saba. Jini ya sake ɓalle masa a asibitin King's College, a ƙarƙashin kulawar Farfesa Roger Williams, kuma a wannan karo ba a iya tsayar da shi ba. Ya rasu ranar 30 ga watan Maris, 1977. Bai bar ɗa ko 'ya ba. An yi jana'izarsa a Alƙahira ranar 2 ga watan Afrilu, aka binne shi a maƙabartar Basatin. An ƙiyasta mahalarta da miliyoyi, kuma ban da jana'izar Nasir da ta Ummu Kulsum, wadda ta riga shi da shekara biyu, birnin bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.

Abin da ya biyo baya

A zamanin ƙuruciyar Abdulhalim, maganin tsargiya allura ce mai ɗauke da sinadari mai guba, wadda ake yi a jijiya sau goma sha biyu ko fiye, mai sa amai da jiri, har da yawa kan gudu kafin su kammala. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnatin Masar ta yi gagarumin gangamin yi wa mutanen karkara wannan allura. Niyyar mai kyau ce, amma ana amfani da sirinjin gilashi ɗaya ga mutane da yawa ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Ta wannan hanya ƙwayar cutar hanta nau'in C, wadda a lokacin ba a ma gano ta ba, ta bazu a ƙauyuka, har Masar ta zama kan gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita. Binciken da aka yi a 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana da ita a jininsa. Sai da aka yi wani sabon gangami na gwaji da magani kyauta daga 2018 kafin aka shawo kanta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba wa ƙasar a 2023.

Ita kuwa tsargiyar, maganinta na gaskiya ya zo ne jim kaɗan bayan rasuwar mawaƙin. Ƙwayar firazikwantel, wadda aka ƙirƙiro a Jamus a shekarun 1970, ta shiga hannun likitoci a wajejen 1980. Haɗiya ake yi sau ɗaya, a cikin yini guda, kuma idan aka sha ta tun ana yara tana kashe tsutsar kafin hanta ta yi tabo. Da ita Masar ta riƙa bin makarantu da ƙauyuka, tare da yaƙi da katantanwa da kai ruwan famfo, har cutar da a farkon shekarun 1980 ke jikin kusan mutum 40 cikin 100 a yankunan da ta yi katutu ta koma ƙasa da mutum ɗaya cikin 100. Wannan ƙwaya ita ce wadda ma'aikatan lafiya da malamai ke rabawa kyauta a makarantun firamare na ƙasar nan bayan sun auna tsayin yaro da sanda, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tsargiya a duniya, musamman a wuraren da ke da madatsun ruwa da noman rani.

Waƙoƙinsa ba su mutu tare da shi ba. A 1999 wani mawaƙin Amurka, Jay-Z, ya yi amfani da sautin waƙarsa Khusara ta 1957, lamarin da ya kai ga doguwar shari'a da wani ɗan'uwan Baligh Hamdi ya shigar a Amurka, wadda kotu ta kora a 2015. A 2006 aka fitar da fim ɗin tarihinsa mai suna Halim. Shahararren ɗan wasa Ahmad Zaki, shi ma ɗan lardin Sharkiyya ne kuma maraya, shi ya fito a matsayinsa, amma ciwon daji ya yi ajalinsa a watan Maris na 2005 ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin, sai ɗansa Haisam ya ƙarasa sauran.

Gidan da ya zauna a unguwar Zamalik, a tsakiyar Alƙahira, danginsa sun bar shi kamar yadda yake, da gadonsa da tufafinsa da kayan kiɗansa, suka kuma riƙa buɗe shi ga masu ziyara, musamman a ranar 30 ga watan Maris. Bangon matakalar da ke kaiwa ƙofar gidan ya cika da rubuce-rubucen masu zuwa.